Zanen Matan Yoshiwara na Bugun Katako: Tsohon Asali, Kwafin Hannu, ko Bugun Inji?

Duk wanda ya shiga neman zanen Japan na bugun katako, irin wanda ke nuna manyan karuwan unguwar Yoshiwara ta birnin Edo, wato Tokyo ta yau, zai tarar da hoto guda yana yawo da farashi iri-iri. Wani shago dala 20, wani dala 200, gidan gwanjo kuma ya haura dala 20,000, alhali fuskar ɗaya ce, tufafin ɗaya ne, sunan mai zanen, Utamaro, ma yana nan a gefe a dukkansu. Abin da ke raba su shi ne takardar, da allon da aka buga da shi, da shekarar da aka buga. Kaya biyar ne a kasuwar, kuma kowanne da irin mutumin da ya dace da shi.

Me ake nufi da "asali" a nan?

Hannu huɗu ne ke fitar da bugu ɗaya. Mawallafi shi ke zuba jari ya zaɓi abin da za a zana. Mai zane ya yi zanen da baƙar tawada a siririyar takarda. Masassaƙi ya manna takardar rub-da-ciki a kan allon itacen ceri ya sassaƙe duk inda babu layi, wato zanen da mai zane ya yi da hannunsa a nan yake ƙarewa. Sai mai bugu, wanda zai shafa launi a allo, ya ɗora takarda mai ɗan danshi, ya murza bayanta da wani faifai da ake kira baren. Kowane launi da nasa allon, kuma akwai ƙananan tsagu biyu a gefen kowane allo, kento, inda ake jingina takardar don launuka su faɗa a gurbinsu. Bugu mai launuka da yawa ya kankama ne a 1765 a hannun Suzuki Harunobu.

Saboda haka babu wani kwafi guda tilo da za a ce shi ne na mai zane. Na asali shi ne wanda aka buga da allunan farko a zamanin da aka fitar da zanen. Akan fara da kamar guda 200, in kasuwa ta karɓa a ci gaba da bugawa har allon ya gaji. Duk abin da aka sake sassaƙa masa sabon allo daga baya kwafi ne, ko da ya shekara 120, ko da ya fi na asalin kyau.

Kafin a zo batun kuɗi, a tabbatar wadda ke cikin hoton ita ce ake nema, domin dillalai da yawa kan kira kowace mace geisha. Oiran, wato babbar karuwa, ɗamararta a gaba take ɗaure ta, gashinta cike da tsinkaye da mataji, ga riguna masu nauyi an jera wata kan wata, ga dogon takalmin katako. Sau da yawa akwai ƙananan 'yan mata biyu masu yi mata hidima, kamuro, sannan a rubuta sunanta da na gidan da take, kamar Hanaogi ta gidan Ogiya. Geisha kuwa mawaƙiya ce kuma makaɗiya, ɗamararta a baya, adonta bai kai haka ba. A yawancin waɗannan hotuna dai a lulluɓe matan suke tun daga wuya har ƙafa. Zanen batsa na wancan zamani wani rukuni ne daban da ake kira shunga, kuma da wannan sunan ake sayar da shi.

Ya kamata mai saye ya san abin da hoton ke ɓoyewa. An kafa Yoshiwara a 1617 da izinin gwamnati, aka mayar da ita bayan gari kusa da Asakusa bayan gobarar Edo ta 1657, ba a rufe ta ba sai 1958. Yawancin matan 'ya'yan talakawa ne da iyaye suka karɓi kuɗi suka miƙa, a kan yarjejeniyar da takan kai shekara 10, ga bashin tufafi da ke ƙaruwa a kansu. Da yawa sun mutu da ƙuruciya, waɗanda ba su da mai ɗauka aka kai gawarsu haikalin Jokanji. Hotunan talla ne, na gidajen da kuma na masu sayar da yadi. Wannan bai rage gwanintar aikin ba, amma wanda zai rataye shi a falo gara ya san amsar da zai bai wa baƙon da ya tambaya.

Ma'aunan da za a yi amfani da su

Farashi, har da la'adar gidan gwanjo, wadda takan kai kashi 25 cikin 100 ko fiye a kan kuɗin da aka buga guduma, da kuɗin aikowa da inshora da na kwastan. Sai juriya, musamman ga haske, domin shi ne babban abokin gabar wannan takarda. Sai sauƙin samu da sauƙin ajiya. Sai haɗarin a sayar maka da abin da ba shi ba ne. Na ƙarshe, ko kuɗinka zai dawo in ka tashi sayarwa. A cikin biyar ɗin nan juriya ce ta fi yanke hukunci, don tambayar farko ita ce: a bango za ka sa shi, ko a akwati?

Na ɗaya: asali na ƙarni na 18

Nan ne manyan sunaye suke: Harunobu, Isoda Koryusai, Torii Kiyonaga, Chobunsai Eishi, da Kitagawa Utamaro wanda ya rasu a 1806. Koryusai ya yi wani dogon jeri mai zane fiye da 100 na karuwai cikin sababbin tufafin shekara, shi ya sa nasa ya fi na sauran bayyana a kasuwa. Utamaro kuwa, tare da mawallafinsa Tsutaya Juzaburo, shi ya shahara da zanen da ke matso da fuska kusa, daga ƙirji zuwa sama, wani lokaci a shafe bayan hoton da garin dutse mai ƙyalli. Jerinsa na Seiro juni toki, na wajen 1794, yana bin matan Yoshiwara sa'a bayan sa'a dare da rana.

Farashi yana farawa daga 'yan dubban daloli ga wanda ya koɗe ko aka datse gefensa, ya kai dubban ɗaruruwa ga mai kyau. A 2016 an sayar da wani zanen mace na Utamaro a gwanjo a Paris a kan fiye da euro 700,000.

Wajen juriya shi ne mafi rauni. Launukan wancan lokaci yawanci daga tsirrai ne. Jan da ruwan hoda daga furen beni suke, shuɗin kuma sau da yawa daga wani fure ne da ake kira tsuyukusa, wanda haske ke kashewa, ɗigon ruwa guda kuma ya wanke shi. Shunayya haɗin waɗannan biyu ne. To in ka ga rigar da ke cikin zanen Utamaro ruwan ƙasa-ƙasa ko ruwan toka, akasari da shunayya aka buga ta, ta koɗe ne. Abin da ya koɗe ba ya dawowa. Shi ya sa tarin Spaulding da ke gidan tarihin fasaha na Boston, wanda aka bayar a 1921 da sharaɗin kada a taɓa baje shi a bango, yau ya zama abin da masana ke komawa don su ga yadda launukan suke tun farko.

Haɗari kuma a nan ya fi yawa. Akwai almajirin Utamaro da ya ci gaba da sa hannu da sunan malaminsa bayan 1806, aikinsa bai kai ba, farashinsa ma bai kamata ya kai ba. Akwai waɗanda aka yi wa kwaskwarima, aka ƙara musu launi ko aka cike ramukansu. Frank Lloyd Wright, mashahurin mai zanen gine-ginen Amurka, wanda ya daɗe yana dillancin waɗannan hotuna, shi ma an taɓa sayar masa da irin waɗannan a Tokyo ya kai wa abokan cinikinsa. In mai ido irin nasa ya faɗa, sabon shiga ba shi da dalilin sayen wannan rukuni daga hoton waya. Sai ta hannun babban gidan gwanjo ko dillalin da zai rubuta maka garanti, tare da tarihin hannayen da takardar ta bi. Hatimin tsofaffin masu tarawa, kamar ɗan jan hatimin Hayashi Tadamasa, dillalin Paris, yana ƙara daraja, sai dai shi ma ana yin jabunsa.

Na biyu: asali na ƙarni na 19

Wannan rukuni ne mutane suka fi tsallakewa, kuma a nan ribar take ga mai son riƙe tsohon abu na gaske. Kikukawa Eizan, Keisai Eisen, Utagawa Kunisada, daga baya Toyohara Kunichika da Tsukioka Yoshitoshi. An buga aikinsu da yawa ƙwarai. Kunisada kaɗai, wanda ya rasu a 1865, ana ƙiyasta ya yi zane sama da 20,000. Daga 1844 ya koma sa hannu da sunan Toyokuni, saboda haka in ka ga an rubuta Toyokuni na uku, shi ne dai.

Takardar Kunisada guda mai girman oban, wato kamar santimita 38 da 26, ana samunta daga kusan dala 150 zuwa 1,000, gwargwadon yanayinta. Eisen ya fi tsada, kuma akwai dalili: karuwansa masu doguwar fuska da ɗan rankwafawa su ne suka ja hankalin Turawa, har Van Gogh, mai zanen nan ɗan Holan, ya kwaikwayi ɗaya a 1887 daga bangon wata mujallar Paris. Jerin Yoshitoshi na 1888 mai nuna halaye 32 na mata, wanda ya ƙunshi karuwai masu daraja daban-daban, bugunsa na farko yakan kai dubban daloli. Ana gane na farkon ne da launuka uku a cikin akwatin da aka rubuta take. Bugun baya an rage su.

Launin wannan zamani ya fi ƙarfi. Daga wajen 1830 aka rungumi wani shuɗi na sinadari da ya zo daga Turai, wanda Japanawa ke kira bero, ba ya koɗewa da sauri kamar na fure, har Eisen ya riƙa buga hoto kusan duka da shi. Daga shekarun 1860 kuma sai rinin Turai masu kaifi suka shigo, ja da shunayya. Matsalar wannan jan ita ce danshi: da ya ji laima sai ya malala ya ɓata farin da ke kusa da shi, har ya shiga takardar da ke jingine da shi a cikin tari.

Abubuwa uku ne ke cin kuɗin mai saye a nan. Na farko, da yawa daga takardun ɓangare ne na hoto mai falle uku. In ka ga hannun riga ko reshen itace ya yanke a bakin takarda kamar zai ci gaba, falle ɗaya ne cikin uku, kuma farashinsa bai kamata ya kai sulusin cikakken ba. Na biyu, bugun baya da aka yi da allon da ya gaji. Dubi gaban goshi, inda gashi ke tsirowa: a bugun farko silin gashin rarrabe suke kamar an shata da allura, domin babban masassaƙi ne kaɗai ake bai wa wannan wuri, a bugun baya sun kakkarye ko sun cuɗe sun zama baƙi guda. Haka nan launin da ya kamata ya tashi daga duhu ya sauka a hankali zuwa haske, bokashi, akan watsar da shi a bugun baya don a yi sauri. Na uku, dogayen hotunan nan na Eizan da Eisen masu falle biyu ɗaya kan ɗaya, kakemono-e, tsawon kamar santimita 75. Tun asali don ratayewa aka yi su, sun sha hayaƙi da rana a gidajen Edo, don haka da wuya a sami mai kyan launi. Mai tsabta fes a farashi mai sauƙi abin zargi ne.

Akwai kuma abin da ke taimaka wa mai saye: hatimin masu tace bugu. Daga 1790 zuwa 1842 ɗan zagayen hatimin kiwame ne, wato "an amince". Daga nan aka koma hatimin sunan jami'i, daga 1847 zuwa 1853 jami'ai biyu. Bayan haka sai hatimin aratame, wato "an duba", da na wata da shekara. Daga wajen 1876 aka daina, aka koma rubuta suna da adireshin mawallafi da kwanan wata a gefe. A 1842 gwamnati ta hana buga hotunan karuwai da 'yan wasan kwaikwayo, ta kuma ƙayyade farashi da yawan launi, shi ya sa hoton karuwa mai suna ke ƙaranci a 'yan shekarun da suka biyo baya. Amma hatimi shekarar zanen yake faɗa maka, ba ya tabbatar da takardar da ke hannunka, domin masu kwafi har shi suke sassaƙawa.

Na uku: tsohon kwafin hannu

Tun ƙarshen ƙarni na 19, da Turawa suka kwashe na asali, mawallafan Japan suka shiga sake sassaƙa shahararrun zanuka. An ci gaba har bayan yaƙin duniya na biyu, aka sayar wa sojojin Amurka da masu yawon buɗe ido da dama. Aikin hannu ne na gaske, a takardar Japan ta gaske, wasu ma ƙwararru ne ƙwarai, irin na gidan Takamizawa. Farashinsu na gaskiya daga kamar dala 30 zuwa 200.

Kayan ba su da laifi. Laifin a bakin mai sayarwa yake. Takardar ta shekara 70 ko 100, ta yi ja-ja, ta yi tabo, sai a datse gefen da ke ɗauke da hatimin mawallafin zamani, a rubuta "tsohon Utamaro" a sa dala 800. Wannan tsaka-tsakin farashi shi ne ramin da ya fi cin mutane: ya yi wa kwafi tsada, ya yi wa asali araha. Sanannen zanen Utamaro mai cikakken launi ba ya zuwa a dala 800. Wasu har jiƙa takardar suke da ruwan shayi don ta tsufa, kuma ana gane wannan da yadda launin ƙasar ya bazu daidai wa daida ko'ina, alhali tsufa na gaskiya yakan fi duhu a gefuna da wuraren da hannu ke kamawa.

In an faɗi gaskiya kwafi ne, kuma farashin na kwafi ne, sayensa ba asara ba ne. Sai dai kada a sa ran riba.

Na huɗu: sabon kwafin hannu

Har yau akwai masu wannan sana'a a Tokyo da Kyoto. Cibiyar Adachi, wadda aka kafa a 1928, ita ce ta fi suna. Masassaƙa suna yanka sababbin alluna, masu bugu suna murzawa da baren a takardar ɓawon itacen kozo, har da ƙyallin bayan hoto da zanen da ake dannawa ba tawada, karazuri, wanda ke sa farin yadi ya ɗan taso a ji shi da yatsa. Farashi yakan kama daga dala 100 zuwa 300. Suna sa hatiminsu a fili, babu wanda ke ruɗar kowa.

Fa'idarsa biyu. Za ka ga zanen da launin da mutumin Edo ya gani ranar da ya saya, shunayya tana shunayya. Sannan launukan yanzu sun fi na fure jure haske, kuma in ya koɗe bayan shekaru ba a rasa wani abin tarihi ba, akwai wani a shagon. Rauninsa shi ne zaɓi: shahararrun zanuka kawai ake sake yi, saboda haka Utamaro da Kiyonaga suna nan, amma wani Eizan da ba a san shi ba sosai ba za ka same shi ba. In ka tashi sayarwa kuma, ƙasa da abin da ka biya za a taya.

Na biyar: bugun inji

Gidajen tarihi da dama sun saki hotunan kayansu kyauta. Gidan Metropolitan na New York ya yi haka a 2017, Rijksmuseum na Holan da cibiyar fasaha ta Chicago ma suna bayarwa. Ka sauke mai girma, ka kai wa mai buga hoto ya fitar a takarda mai kauri marar sheƙi. Kuɗin bugu da firam ne kawai. Babu taushin takarda, babu tudun karazuri, ƙyallin kuma toka-toka zai fito. Ga ɗalibi, ko tela da mai zanen yadi da ke son nazarin adon rigunan, wannan ya wadatar. Kada dai a biya shi kuɗin aikin hannu.

| Zaɓi | Kiyasin farashi (dala) | Juriya ga haske | Sauƙin samu | Haɗarin ruɗi | Sake sayarwa |
|---|---|---|---|---|---|
| Asali, ƙarni na 18 | dubbai zuwa dubban ɗaruruwa | kaɗan ƙwarai | da wuya | babba | yana riƙe daraja in na gaske ne |
| Asali, ƙarni na 19 | 150 zuwa 'yan dubbai | matsakaiciya | da sauƙi | matsakaici | kusan abin da ka biya, ban da la'ada |
| Tsohon kwafin hannu | 30 zuwa 200 | matsakaiciya | da sauƙi ƙwarai | babba in an kira shi asali | kaɗan |
| Sabon kwafin hannu | 100 zuwa 300 | mai kyau | da sauƙi | babu in daga mawallafin ne | ƙasa da farashi |
| Bugun inji | kuɗin bugu | ya danganta da tawada | nan take | babu | babu |

Alƙaluman kiyasi ne na abin da aka saba gani a kasuwa. Yanayin takarda kaɗai yana iya ninka farashi sau biyar ko ya raba shi biyar.

Gwajin da za a yi kafin a biya

A nemi hoton bayan takardar. Kamar yadda ake juya atamfa a ga ko rinin ya ratsa, haka ake yi a nan: bugun katako launinsa yana ɓullowa ta baya, kuma ana ganin sawun murzar baren a zagaye-zagaye. Na inji bayansa fari ne fat. Mai sayarwar da ya ƙi nuna baya, ko ya ce yana cikin firam ba zai buɗe ba, a bar masa kayansa. In takardar an manna mata wata a baya, farashi ya sauka, domin manni kan ɓoye yaga da hujin ƙwaro.

A duba da gilashin ƙara girma mai ninki 10. Bugun inji ɗigo-ɗigo ne, na katako launin ya shiga cikin zaren takarda, wani lokaci har da shatin jijiyar itacen.

Wannan yana raba na hannu da na inji ne kawai. Raba asali da kwafin hannu sai an gwada layi da layi. Shafin ukiyo-e.org ya tattaro hotunan bugu sama da 200,000 daga gidajen tarihi da dillalai, kuma kana iya ɗora hoto ya nemo maka 'yan'uwansa. Ajiye naka kusa da na gidan tarihi, ka zaɓi wurare uku masu wuya: sa hannun mai zane, silin gashin ƙeya, da ƙananan furannin riga. Allo ɗaya yana ba da layi ɗaya, har da inda ya ɗan tsage. In wutsiyar wani harafi ta fi tsawo ko furannin sun zama bakwai a maimakon takwas, allon daban ne. A kuma auna: kwafi da yawa an ƙanƙanta su, wanda ya kamata ya zama oban sai a same shi kamar santimita 26 da 19.

Ajiya, wadda ita ma kuɗi ce

Gidajen tarihi suna nuna irin wannan takarda a hasken da bai wuce lux 50 ba a ma'aunin ƙarfin haske, wato haske dishi-dishi, na kamar wata uku, sannan a mayar da ita duhu ta huta. Danshin iska kusa da kashi 50 cikin 100 ake so. Wanda ke zaune a Kano ko Zinder yana fama da gefe biyu: hunturu ya busar da takarda ta lanƙwashe ta yi saurin tsagewa, damina kuma in danshi ya haura kashi 65 fumfuna ta fito, jan nan na Turai ya malala. Ga gara da kyankyasai, masu son takarda da abin manni. Hayaƙin turaren wuta ma yana rina takarda a hankali, don haka ɗakin da ake turare kullum ba wurin tsohon bugu ba ne.

Na asali a ajiye shi kwance, kowanne cikin ninkin takarda marar asid, a akwati mai rufuwa sosai da 'yan ƙunshin silika mai shanye danshi a ciki, a ɗora a kan kanta nesa da ƙasa da bangon waje. In za a sa a firam, sai da kwali mai taga don kada gilashi ya taɓa hoton, a maƙale shi daga sama kawai da 'yan guntayen takardar Japan da mannin sitacin alkama, wanda ake iya cirewa. Salatif yana barin tabo mai maiƙo da ba ya fita. Lamineshan kuwa kashe takardar ne gaba ɗaya. Gilashi mai tare hasken da ke ƙona launi yana rage ɓarna amma bai hana ta, domin hasken da ido ke gani ma yana koɗar da beni. Wajen aikowa, a ce a sa shi kwance tsakanin kwalaye masu tauri, kada a naɗe.

Wa ya dace da wanne

Mai son hoto a bangon falo ko ofis, wanda zai gan shi kullum: sabon kwafin hannu. Shi ne kaɗai ya haɗa aikin katako na gaske da kwanciyar hankali.

Mai son mallakar abin da aka buga a Edo da gaske, da kuɗi matsakaici: Kunisada, ko Eisen in aljihu ya kai. A fifita falle guda cikakke mai kyan launi a kan babban suna da ya koɗe. Waɗanda aka ciro daga tsofaffin kundaye sukan zo da ƙananan hujin ɗinki a gefe ko layin ninki a tsakiya, amma launinsu yakan fi kyau don sun kwana a rufe, kuma farashinsu da rangwame.

Mai neman Utamaro ko Kiyonaga na asali: sai wanda ke da ɗakin da aka daidaita sanyi da danshinsa, da kuɗin biyan masani ya duba kafin gwanjo, kuma ya yarda mafi yawan shekara kayan a akwati za su zauna.

Mai son tsohon abu don ƙawa, ba ruwansa da riba: tsohon kwafin hannu, muddin hatimin mawallafin yana nan a gefe kuma farashin bai haura dala 200 ba.

Ɗalibi, malami, mai ɗinki ko zanen yadi: bugun inji daga hoton gidan tarihi. Wanda kuma ya riga ya sayi na asali, shi ma ya buga irin wannan na zanen nasa ya rataye, ya bar tsohon a akwati.